Kun Tambaya, Na Amsa: Wa Ke Riƙe da Gunduma a Ƙasar Ayalan?

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da na ambata a wannan fili cewa a tsakiyar ƙasar Ayalan nake zaune da iyalina, kuma kafin na baro gida na yi aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, wasiƙu suke ta shigowa a kan yadda ƙananan hukumomin nan suke. Na zaɓi biyar daga ciki don wannan fitowar.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a sashen kuɗi. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba mu da wata hira a ofis sai wannan. Wani abokin aikina ya ce Ayalan ma Ingila ce ta mulke ta kamar mu. To su ta ina nasu tsarin ya faro? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Abokin aikinka ya faɗi gaskiya, sai dai nasu mulkin mallakar ya fi namu daɗewa nesa ba kusa ba. Mayaƙan Norman sun ƙetaro daga Birtaniya a shekarar 1169, daga nan aka fara yanka tsibirin gunduma-gunduma, abin da su ke kira kawunti. An ɗauki fiye da shekara 400 ana wannan yanka, ta ƙarshe ita ce Wicklow a 1606, suka cika 32. Ba don jin daɗin mutanen ƙasa aka shata su ba. An yi su ne don alƙalin sarki ya san iyakar inda zai yi shari'a, mai karɓar haraji ya san inda zai bi. Guda biyu ma a nan tsakiyar ƙasa, da aka ƙwace filayensu a ƙarni na 16, sai aka raɗa musu Gundumar Sarki da Gundumar Sarauniya. Su ne Offaly da Laois na yau.

Masu tafiyar da gunduma a wancan zamani wani kwamiti ne da ake kira Grand Jury. Ba zaɓensu ake yi ba. Wani babban jami'i da gwamnati ta naɗa shi ke tsamo su daga cikin manyan masu filaye, mutum bai wuce 23 ba, su zauna sau biyu a shekara lokacin da alƙalai suka zo rangadi. Su ke yanke inda za a yi hanya, inda za a yi gada, da wanda za a ba kwangilar, sannan su ɗora harajin a kan manoman da ke haya a gonakinsu. Masu filayen yawancinsu 'yan Furotestan ne masu biyayya ga Ingila, manoman kuwa yawancinsu 'yan Katolika ne. Ka ga ke nan mai biya ba shi da baki, mai baki kuma ba aljihunsa ake taɓawa ba. An daɗe ana zarginsu da karkata hanyoyi zuwa ƙofar gidajensu da ba 'yan'uwansu aiki.

Zaɓe ya fara leƙowa ne ta ƙofar talauci. A 1838 aka yi dokar kula da gajiyayyu, aka raba ƙasar yanki 130, kowane yanki da gidan gajiyayyunsa da kwamitin da ke kula da shi. Wasu daga cikin 'yan kwamitin masu biyan haraji ke zaɓensu, kodayake mai dukiya ƙuri'arsa ta fi ɗaya. Waɗannan gidaje ba wurin hutawa ba ne. Da zarar iyali sun shiga ƙofa, sai a ware miji gefe guda, mata gefe guda, 'ya'ya maza da mata kowa da tsakar gidansa. Shekara bakwai bayan dokar, a 1845, cuta ta kama dankali, babbar yunwa ta sauka. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ɗaya ya bar ƙasar. Har yau akwai irin wannan gida a garin Portumna da aka gyara don mutane su je su gani, kuma tsofaffin nan ba sa ambaton gidan gajiyayyu da sakin fuska.

A birane kuwa an yi garambawul a 1840, wanda ya ba Daniel O'Connell damar zama Magajin Garin Dublin a 1841, ɗan Katolika na farko a kujerar cikin kusan shekara 150.

Amma shekarar da nake so ka riƙe ita ce 1898. A lokacin 'yan Ayalan sun matsa da neman majalisar kansu a Dublin. Gwamnatin masu ra'ayin riƙau a Landan ba ta son bayarwa, sai ta yi dabarar ba su ƙaramin abu don su manta da babba. Gerald Balfour, wanda ke riƙe da harkokin Ayalan, shi ya kawo dokar da ta karɓe mulkin gunduma daga hannun Grand Jury ta miƙa wa zaɓaɓɓun majalisu, da ƙananan majalisun gari da na karkara a ƙarƙashinsu. Manyan birane shida, wato Dublin, Belfast, Cork, Limerick, Waterford da Derry, aka ba su matsayi irin na gunduma. Don masu filaye su yi shiru, baitulmali ya ɗauke musu wani kaso na harajin gonaki. Mata masu gida ko masu biyan haraji suka sami ƙuri'a, suka kuma sami damar tsayawa takara a ƙananan majalisu, amma ta gunduma sai a 1911.

Aka yi zaɓen farko a watan Afrilun 1899, 'yan kishin ƙasa suka kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na kujeru. Manomi da ɗan tireda da lauyan ƙauye suka zauna a kujerun da jiya sai dai su tsaya daga bakin ƙofa da hula a hannu. Dabarar Landan ta juye mata, domin a waɗannan majalisu ne mutanen suka koyi karanta kasafin kuɗi, da ba da kwangila, da jayayya da gwamnati a rubuce. Da aka zo zaɓen 1920, jam'iyyar Sinn Féin ta lashe mafi yawan majalisu a wajen arewa maso gabas, suka kuma yanke cewa daga ranar ba ruwansu da hukumar Birtaniya mai kula da ƙananan hukumomi, biyayyarsu ga majalisar 'yan gwagwarmaya ce, Dáil Éireann. Sun biya farashin wannan da rai. A watan Maris na 1920 aka harbe Magajin Garin Cork, Tomás MacCurtain, a cikin gidansa. Wanda ya gaje shi, Terence MacSwiney, aka kama shi, ya daina cin abinci a kurkukun Brixton da ke Landan har kwana 74, ya rasu a watan Oktoba. A watan Mayun 1921 mayaƙan 'yanci suka banka wa Custom House wuta, babban ginin da hukumar ƙananan hukumomin take a Dublin. An gyara ginin daga baya, kuma a cikinsa ma'aikatar ƙananan hukumomi take har gobe.

Inda muka bambanta da su ke nan, ɗan'uwa. A Arewa Bature ya mulke mu ta hannun sarakuna da En'e, tsarin bai-ɗaya na ƙananan hukumomi kuma sai a 1976 gwamnatin soja ta sauko mana da shi daga sama. Su kuwa majalisun gundumarsu sun girmi ƙasar da kanta da shekara 23.

TAMBAYA: Malam, a nan ciyaman shi ne wuƙa shi ne nama, in dai gwamna ya bar shi. A can ma haka abin yake? Daga wata malamar makaranta a Azare.

AMSA: Malama, ko kusa. Da farko ma babu gwamna, domin Ayalan ba ta da jihohi. Daga gwamnatin Dublin sai majalisar gunduma. Na biyu, ciyaman a nan, wanda suke kira Cathaoirleach da harshensu, 'yan'uwansa kansiloli ke zaɓensa, kuma shekara ɗaya tal yake yi. Galibi jam'iyyu kan zauna bayan zaɓe su raba shekaru biyar ɗin a tsakaninsu, bana naku, baɗi namu. Aikinsa ya jagoranci zama, ya rataya sarƙar muƙami a wuya, ya buɗe sabon ɗakin karatu, ya karɓi baƙi. Ba ya sa hannu a cek, ba ya ɗaukar ko masinja.

Mai riƙe da aikin yau da kullum ma'aikaci ne, a da ana ce masa manajan gunduma, daga 2014 aka koma kiransa babban jami'in zartarwa. Hukumar ɗaukar ma'aikata ta ƙasa ke tallata gurbin, ta yi intabiyu, ta miƙa wa kansiloli suna su amince, ya yi wa'adin shekara bakwai. Shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke ba da kwangila, shi ke ba da izinin gini ko ya hana, ofishinsa ke raba gidajen gwamnati.

Yadda aka iso nan abin lura ne. Mutanen da suka yi amfani da majalisun nan wajen yaƙar Ingila, da suka karɓi mulki a 1922, su ne suka fara yi musu aski. W. T. Cosgrave, shugaban sabuwar gwamnatin, shi ya riƙe ma'aikatar ƙananan hukumomi a lokacin gwagwarmaya, saboda haka ya ga yadda ake ba ɗan'uwa aikin likita da yadda ake cinikin ƙuri'a a kan kowane ƙaramin gurbi. A 1924 aka rushe majalisun biranen Dublin da Cork aka naɗa kwamishinoni. A 1925 aka soke majalisun karkara. A 1926 aka kafa hukumar da ta karɓe ɗaukar manyan ma'aikata daga hannun kansiloli. Mutanen Cork suka ga kwamishinansu, Philip Monahan, yana gyara titi yana biyan bashi, sai 'yan kasuwar garin suka nemi a dawwamar da tsarin, suna koyi da wasu biranen Amurka. Dokar 1929 ta mayar da shi manajan birni na farko, ya yi kusan shekara 30 a kujerar. Dublin ta bi a 1930, Limerick a 1934, Waterford a 1939, sai dokar 1940 ta game dukkan gundumomi.

Me ya rage wa kansila ke nan? Ba kaɗan ba ne a takarda. Su ke amincewa da kasafin kuɗin shekara, kuma in suka ƙi, minista na iya sallamarsu baki ɗaya, kamar yadda aka yi wa majalisar Dublin a 1969. Su ke amincewa da cin bashi da sayar da filin majalisa, su ke yin dokokin cikin gari. Su ke zartar da tsarin raya gunduma, wanda ke fayyace inda za a yi gidaje, inda za a yi masana'anta, da inda za a bari gona. Kansiloli tare da 'yan majalisar ƙasa ke zaɓen sanatoci 43 cikin 60. Kuma majalisu huɗu in suka haɗu suna iya tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, abin da aka fara amfani da shi a 1997.

Ra'ayina a nan kashi biyu ne, kuma ba zan ɓoye ko ɗaya ba. Ni da na ga yadda ake cusa sunaye a takardar albashi, ina jinjina wa duk tsarin da ya raba ɗan siyasa da ɗaukar ma'aikata. Kuma tarihi ya nuna tsoron nasu ba na banza ba ne. Kwamitin binciken da aka kafa a 1997, wanda ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a 2012 a ƙarƙashin Mai Shari'a Alan Mahon, ya gano cewa an riƙa ba wasu kansilolin gundumar Dublin kuɗi don su mayar da gonaki filin gini. Amma ɗaya ɓangaren shi ne, mutumin da ya fi kowa iko a gundumarka ba ka zaɓe shi ba, ba kuma za ka iya kayar da shi ba. Wannan yana damuna. Kansila ya koma ɗan aike, yana kai kokenka ofis yana dawo maka da amsa.

Su ma sun fara jin haka. A 2019 aka tambayi mutanen Cork da Limerick da Waterford ko suna son magajin gari da jama'a za su zaɓa da kansu. Cork da Waterford suka ƙi da ƙaramin rinjaye, Limerick ta yarda da ƙaramin rinjaye. A watan Yunin 2024 John Moran ya zama magajin gari na farko da aka zaɓa kai tsaye a tarihin ƙasar, da wa'adin shekara biyar da wani kaso na ikon da ke hannun manaja a da.

TAMBAYA: Kuɗinsu fa, daga ina yake zuwa, kuma me suke yi da shi? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, ka taɓo inda gizo ke saƙa. Tun asali abin da ya riƙe majalisun nan shi ne harajin gini, wanda ake yanka wa kowane gida da gona da kanti gwargwadon darajarsa. Kansiloli ke yanka shi, jama'a su biya suna ƙorafi, su kuma sa ido a kan inda kuɗin ya tafi. A zaɓen 1977 jam'iyyar Fianna Fáil ta Jack Lynch ta yi alƙawarin soke harajin a kan gidajen zama, ta ci zaɓe da gagarumin rinjaye, ta kuma cika alƙawari a 1978. A farkon shekarun 1980 kotu ta rushe na gonaki. Gwamnati ta ce za ta cike giɓin daga Dublin, amma da tattalin arziki ya matse sai cikon ya riƙa raguwa. A ganina babu abin da ya karya ƙashin bayan ƙananan hukumomin ƙasar nan kamar wannan alƙawari. Mutane sun yi murna a ranar, majalisu kuwa suka koma masu jiran abin da minista zai aiko, kuma mai aiko da kuɗi shi ke faɗin inda za a sa su.

Yau kuɗinsu na fitowa daga tallafin gwamnatin tsakiya, da harajin da kantuna da ofisoshi da masana'antu ke biya, da hayar gidajen majalisa, da kuɗin ajiye mota da makamantansu. A 2013 aka dawo da harajin gidajen zama da sabon suna, sai dai hukumar haraji ta ƙasa ke karɓa, kansiloli kuma doka ta ba su damar ɗagawa ko ragewa kaɗan kawai. Duk abin da ƙananan hukumomi ke kashewa bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin da hukuma ke kashewa a ƙasar ba, wanda ya sa Ayalan take cikin na baya-baya a Turai ta wannan fuska.

Ayyukan ma an yi ta zare su ɗaya bayan ɗaya. Asibitoci sun bar hannunsu bayan dokar lafiya ta 1970. Ruwan famfo ya koma hannun kamfanin gwamnati na ƙasa a 2014, abin da ya jawo gagarumar zanga-zanga a kan kuɗin ruwa har aka janye shi. Kwasar shara a gidaje yawanci kamfanoni ke yi, ni ma kamfani nake biya. 'Yan sanda na ƙasa ne, albashin malaman makaranta daga ma'aikatar ilimi yake fitowa. Abin da ya rage shi ne gidajen masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda hayarsu ke bin gwargwadon samun mai gida, da hanyoyin cikin gunduma, da 'yan kwana-kwana, da ɗakunan karatu, da wuraren shaƙatawa, da maƙabartu, da izinin gini.

Na ƙarshen nan shi ya fi burge ni. In maƙwabcinka zai yi gini, dole ya kafa wata farar takarda a bakin ƙofarsa, a inda mai wucewa zai iya karantawa, yawanci a cikin leda don ruwan sama, a ɗaure a jikin katako ko ƙyauren shiga. A jikinta an rubuta sunansa da abin da zai gina. Kana da mako biyar ka je ofishin majalisa ko ka shiga intanet ka duba zanen, ka biya yuro 20, ka rubuta ƙorafinka in kana da shi, kuma dole a saka shi a fayil. In ya sake nema cikin wata shida, takardar rawaya ce. Na ga tsohuwa da sandarta ta tsaya cikin yayyafi tana karanta irin wannan takarda layi-layi.

TAMBAYA: Wani wuri na ga gundumomi 32, wani wuri 26, wani kuma 31. Wanne ne daidai? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Duka daidai ne, yarona. Tsibirin baki ɗaya 32 ne. Da aka raba shi a 1921, shida suka zauna da Birtaniya a matsayin Ayalan ta Arewa, 26 kuma suka zama ƙasa mai cin gashin kanta, wadda daga baya ta zama Jamhuriya. Adadin 31 kuwa na hukumomin da ke aiki ne a Jamhuriyar yau: majalisun gunduma 26, na birni uku, wato Dublin, Cork da Galway, sai biyu da suka haɗa birni da gunduma, Limerick da Waterford. Tsohuwar gundumar Dublin an yanka ta uku a 1994. Majalisar birnin Dublin ce babba da kansila 63, ƙanana irin su Leitrim da Longford 18-18.

Kafin 2014 hukumomin 114 ne, kansiloli 1,627. Minista Phil Hogan ya kawo dokar da ta soke majalisun gari 80 a rana ɗaya, kansiloli suka koma 949, aka ce don a rage kashe kuɗi bayan karayar tattalin arziki. An maye gurbinsu da shiyyoyi a cikin gunduma, amma shiyya ba ta da ma'aikatanta ba ta da asusunta. Ina ganin an yi asara. Ƙasa mai mutum miliyan 5.1 a ƙidayar 2022 da hukuma 31 kacal, ai hukuma ta yi nisa da ƙofar gida.

Duk da haka kada ka ɗauka gunduma ta mutu a zuciyar mutane. Ƙungiyar wasannin gargajiyarsu da aka kafa a 1884 da tsofaffin gundumomi 32 take gasa, ba ruwanta da iyakar da ta raba tsibirin. In Kerry ko Mayo ta kai wasan ƙarshe a filin Croke Park, za ka ga tutar gunduma a kan kowace mota da kowane ƙyaure. Lambar mota ma da harafin gunduma take tafiya.

A Ayalan ta Arewa kuwa labarin ƙananan hukumomi ya fi ɗaci. A birnin Derry 'yan Katolika ne suka fi yawa, amma aka shata mazaɓu ta yadda masu goyon bayan Birtaniya ke riƙe da majalisa. Ƙuri'ar ƙaramar hukuma ta masu gida ce, saboda haka ba mutum gida daidai yake da ba shi ƙuri'a. A 1968, a ƙauyen Caledon, aka ba wata budurwa 'yar Furotestan mai shekara 19 gidan majalisa alhali iyalai 'yan Katolika na jira, ɗan majalisa Austin Currie ya shiga gidan ya zauna don nuna adawa. Daga irin wannan ne gwagwarmayar neman haƙƙi ta yi ƙarfi, kafin rikicin da ya ci rayuka fiye da 3,500. An karɓe rabon gidaje daga hannun majalisu a 1971, aka kafa sababbi 26 a 1973, aka rage su zuwa 11 a 2015.

TAMBAYA: Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce, ban daɗe da zuwa Ayalan ba, fasfona na Nijeriya ne. Wata abokiyar aikina ta ce ina iya jefa ƙuri'a a zaɓen kansila. Gaskiya ne, ko zan jawo wa takarduna matsala? Daga wata 'yarku a Galway.

AMSA: 'Yata, gaskiya ta faɗa miki, kuma babu abin da zai taɓa takardunki. A zaɓen ƙananan hukumomi duk wanda ya kai shekara 18 kuma yana zaune a ƙasar yana da ƙuri'a, ko wane fasfo yake riƙe da shi, har mai neman mafaka. Yana ma iya tsayawa takara. Zaɓen majalisar ƙasa da na shugaban ƙasa ne ba naki ba tukuna.

'Yan ƙasarmu sun riga sun shiga ta wannan ƙofa. Rotimi Adebari, ɗan jihar Ogun, ya zo neman mafaka a 2000, ya ci kujerar majalisar garin Portlaoise a 2004 ba tare da jam'iyya ba, a 2007 ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin magajin gari a ƙasar. Portlaoise ɗin nan ita ce hedikwatar tsohuwar Gundumar Sarauniya, kuma majalisar garin da ta ɗaga shi tana cikin 80 da aka soke a 2014, abin da ke ƙara mini takaicin sokewar, domin a ƙaramin gari ne baƙo yake iya sanuwa har a zaɓe shi. Yemi Adenuga ta ci kujera a gundumar Meath a 2019, Uruemu Adejinmi ta shugabanci shiyyar Longford a 2021.

Ga yadda abin yake. Takardar ƙuri'a doguwa ce, da sunan kowane ɗan takara da hotonsa da alamar jam'iyyarsa. Ba dangwale ake yi ba. Fensir za ki ɗauka ki rubuta 1 a gaban wanda kika fi so, 2 a gaban mai bi masa, haka har inda kika ga dama ki tsaya. Kowace mazaɓa tana da kujera uku zuwa bakwai. Misali, in kujeru shida ne kuma ƙuri'u 14,000 aka jefa, duk wanda ya kai 2,001 ya ci. Rarar ƙuri'unsa sai a raba wa waɗanda masu zaɓensa suka sa a gaba, na ƙarshe kuma a fitar da shi a raba nasa. Saboda haka ƙuri'arki ba ta faɗuwa ƙasa banza don gwaninki ya faɗi. A garin Sligo aka fara gwada wannan tsari a 1919.

In kin sami dama ki leƙa wurin ƙirga, wanda ake farawa washegari da safe, galibi a babban zauren wasanni. Da hannu ake yi. Ana zazzage akwati a kan tebur, ma'aikata na warware takardu suna ɗora su fuska sama, a bayan wani ɗan shinge kuma wakilan jam'iyyu sun sunkuyo da allon rubutu a hannu suna jan layi duk lokacin da suka hango lamba 1. Kafin azahar sun san yadda kowace unguwa ta yi, tun jami'in zaɓe bai buɗe baki ba. Wani lokaci a kwana biyu ko uku ana yi, kujerar ƙarshe ta rabu da ƙuri'u ƙalilan. A irin wannan lissafi, gidaje talatin na musulmin unguwa ɗaya ba abin rainawa ba ne, kuma maganar filin maƙabarta ko izinin mayar da wani gini masallaci duk a teburin majalisar gunduma take ƙarewa.

Tun gyaran tsarin mulki na 1999 ba a iya ɗage wannan zaɓe fiye da shekara biyar, bayan an sha ɗage shi a baya yadda minista ya ga dama. An yi na ƙarshe ranar 7 ga Yunin 2024, na gaba sai 2029. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Majalisar da kike zaune a ƙarƙashinta ke riƙe da rajistar masu zaɓe, kuma a buɗe take duk shekara, sai kimanin mako biyu kafin zaɓe ake rufewa. Ki tanadi lambarki ta PPS, wato lambar da hukuma ke ba mutum don haraji da sauran hulɗa da gwamnati, da lambar adireshin gidanki, ki cike fom a intanet ko a ofishinsu. Ki lura Galway majalisa biyu ce, ta birni da ta gunduma, adireshinki ne zai nuna wacce ce taki. In kin sauya gida ki sanar da su, ranar zaɓe kuma ki tafi da fasfonki ko katinki na izinin zama.